Yadda Na Koyi Miƙa Abinci da Hagu

Duk wanda ya ji ina zaune a Amurka, sanyi yake fara tambayata, sai kuma ko na taɓa ganin fadar shugaban ƙasa. Sanyi na sha shi. Fadar ma na gan ta, ta tagar bas, ina gyangyaɗi. Amma in ana maganar abin da ya fi gasa mini aya a ƙasar nan, wallahi ba sanyi ba ne, ba kuma Turancinsu na hanci ba ne. Hannuna na hagu ne. Saura ƙiris in rasa aiki da wurin kwana a kansa, ina ƙato da gemu, ga mata da 'ya a Malumfashi suna jiran in ce musu su taho.

Sunana Sa'idu. Bizar lotare ce ta kawo ni, bayan na gaji da zaman ofishin ƙaramar hukuma. Labarin filin jirgi da koke-koken rabuwa kowa ya san shi, don haka bari in fara daga inda aka sauke ni.

Zangon Manassas

Alhaji Tanko ne ya ɗauko ni. Ɗan garinmu ne, ya daɗe a nan, kuma shi ya ce wa kawuna yana da kamfanin yawon buɗe ido, yana neman amintacce a ofis. Da na iso sai na tarar ofishin wata baƙar mota ce doguwa mai kujeru da yawa. Ni kuma amintaccen, aikina ɗaukar jaka.

Baƙinsa mutanen gida ne, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da suka zo taro ko hutu. Da rana mu kai su Washington su ga dogayen gine-gine, in yi ta ɗaukarsu hoto har yatsana ya ƙage. Da yamma mu kai su gidan abinci, su shiga, ni in zauna gadin mota. Bayan nan kuma akwai masu cewa a kai su ganin gari, wato titin da ake kiɗa da shaye-shaye da rawar 'yan mata. Albashi kuwa, kullum na ɗago maganar sai ya ce, "Ka bari ka goge tukuna, Sa'idu. Nan ba gida ba ne." Katifa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da shinkafa sau biyu, su ne ladana.

Na daure har ranar da bakina ya ja mini. Wani baƙo ne, babban mutum, shi ya ja mu sallar magariba a ɗakinsa na otal, har da doguwar addu'a. Da muka tsaya a ƙofar wani gidan rawa mai jan fitila, sai ya cire hula da carbi ya miƙo mini.

"Malam Sa'idu, riƙe mini waɗannan, kada su shiga inda bai dace ba."

Ni dai ban san lokacin da ta fito ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, su ne ba su dace da wurin ba, kai ka dace?"

Tabɗi! Washegari Alhaji Tanko ya wanke ni tas, tun daga kakannina. Ya ce in tattara nawa ya nawa. Ina ɗaure jaka ya tsaya a bakin matattakala yana sakace haƙori, ya ce, "Je ka ɗanɗana. Za ka dawo ka durƙusa a nan. Duk masu bakin nan suna dawowa." Na rantse a zuciyata gara in kwana a tashar bas.

Zangon Clinton

A garin Clinton wasu 'yan Gana suka ba ni gefen ɗaki. Hausawan unguwannin zango ne na can Gana, Hausarsu a gauraye da wani yare, amma daren farko da na ji ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa "miƙo mini buta", sai da na juya bango na share hawaye. Kewar gida ba ta sallama, haka kawai take faɗo wa mutum.

Na sami aiki a wani shagon soya kaji. Ban daɗe ba. In an tashi, mai shagon yakan sa a juye ragowar kaji a shara, lafiyayyu, da ɗuminsu. Ni kuwa akwai wani bawan Allah da ke kwana a rumfar jiran bas, sai na riƙa ƙunshe masa. Ranar da mai shagon ya gani ya ce doka ta hana, in mutumin ya yi ciwon ciki shi za a kama. Na ce to Allah fa, shi ba ya kamawa? Ya ce in ajiye masa rigar aikinsa.

Aiki biyu ke nan bakina ya cinye. Daga nan na yi abin da na yi ta gudu tun zuwana, na kira yayan matata.

Zangon Silver Spring

Yaya Bashir injiniya ne, yana zaune a wani dogon bene da matarsa Anti Maryam. Mutanen kirki ne, ko kallon banza ba su taɓa yi mini ba. Amma kowa ya san nauyin namiji ya kwana a falon surukai. Kafin asuba na naɗe bargo na tura bayan kujera, in wuni a waje ina yawon neman aiki, ba na dawowa sai na tabbata sun ci abinci. Barci ma rabi da rabi nake yi, ko firji ya yi ƙara sai in zabura.

Ga shi Anti Maryam ta kusa haihuwa, mahaifiyarta na tafe daga Kano don zaman jego. Wata rana Yaya Bashir ya zauna kusa da ni yana ta juya makullin mota a hannu.

"Sa'idu, ka san Hajiya za ta iso ƙarshen wata."

"Na sani, Yaya. Ina nan ina shiri."

"Ba korarka nake ba, wallahi. In ta kama, zan iya yi wa Alhaji Tanko magana, a ba shi haƙuri."

Na ce a'a, ya bari. Alhali ba ni da wani shiri ko na anini.

A jirgin ƙasa na Metiro Allah ya haɗa ni da Danjuma. Na ji wani yana waya yana cewa, "Mama, ki sha maganin nan mana, kai!" Ban jira ya gama ba na matsa kusa da shi. Ɗan Pankshin ne, Kirista, da rana yana karatun aikin jinya, da yamma yana girki a wani gidan abinci a Washington. Kafin mu sauka ya ji labarina kaf, ya yi dariya har da riƙe ciki a kan maganar hula da carbi. Ya ce suna neman mai kai abinci tebur, zai yi mini hanya. Ya kuma ce akwai ɗaki a gidan da yake haya, abokin zamansa ya tashi, sai dai masu ginin ba sa yarda a saka wanda ba shi da tsayayyen aiki.

To, ga yadda lissafin ya tsaya. In an tabbatar da ni a aikin kafin Hajiya ta sauka, ina da ɗaki. In ba haka ba, sai matattakalar Alhaji Tanko.

Gidan abincin

Wurin yana kusa da kogi, inda 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa. Ƙasa gidan abinci ne mai fararen ƙyallayen tebur, cokula a jere kamar kayan tiyata. Sama kuma mashaya ce, in dare ya yi a saki kiɗa har silin ɗinmu ya riƙa rawa. Jamusawa, 'yan Japan, 'yan Brazil, Larabawa, kowa da kyamararsa. Su ci a ƙasa, su hau sama su ƙarasa.

Manajar sunanta Madam Sharon, wata siririyar mata mai gilashi, ba ta ɗaga murya, kallo kawai take yi. Ranar farko na yi ta maza na ce mata ni ba na ɗaukar giya. Ta dube ni ta saman gilashi ta ce ba komai, masu ɗaukar oda su ke kai abin sha, ni faranti ne nawa. Gwaji za ta yi mini zuwa ƙarshen wata. Sannan ta tashi ta nuna mini dokar gidan.

"Ta hagun baƙo za ka tsaya, da hannunka na hagu za ka ajiye faranti. In za ka kwashe, ta dama, da hannun dama. Kullum haka."

Na ɗauka ban ji Turancin daidai ba. Na ce, "Da hagu, Madam? Abinci?"

Ta ce e, in na tsaya ta hagu na miƙa da dama, gwiwar hannuna za ta shiga fuskar baƙo. Magana ce mai hankali, ban musa ba. Amma ni tun ina rarrafe ake buge mini hannun nan in na kai shi kwano. A gidanmu ko almakashi ka miƙa wa babba da hagu sai an tambaye ka ko uwarka ba ta gaya maka ba. Yanzu a ce in bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina ajiye musu abinci da hannun tsarki? Na ce mata to, amma jikina bai ce to ba.

Kwana na farko ina sane, na yi ta lallaɓawa. Da wurin ya cika da baƙi, kicin na buga ƙararrawa, sai hannu ya koma gidansu. Na tsaya ta hagun wani ƙaton Bajamushe, na miƙa da dama, gwiwar hannuna ta ɗauke masa gilashin ido, ya faɗa cikin miya. Matarsa ta yi ta dariya, shi ko murmushi bai yi ba. Madam na tsaye can tana kallo.

Sai na canza dabara. Na ce to bari in riƙa zagayawa ta dama, in miƙa da dama, kowa ya huta. Ashe ta nan masu abin sha ke bi. Muka yi karo da wata yarinya mai ɗauke da tire, kofuna suka tarwatse, jan ruwan inabi ya wanke mini wando har cikin takalmi. Ni da na ce ba na ɗaukar giya, ranar da ita na hau jirgi na koma gida, mutane na matsawa daga kusa da ni. Sai da na yi wanka sau biyu kafin in yi sallar isha'i.

Danjuma ya ce abin ya isa haka. Ranar hutunmu ya kai ni gidansa, ya zare bel ɗinsa ya ɗaure mini hannun dama a baya, ya jera filo a kan kujeru.

"Ga baƙinka nan. Wannan Bajamushe ne, wannan matarsa. Oya, kai musu."

"Danjuma, kai ba a hana ka ba a gidanku?"

"An hana mana! Kakata da muciya take bin mu. Amma kakata ba ta biyan haya a Silver Spring. Ɗauki faranti, malam."

Haka na wuni ina yi wa filo hidima. Ya kuma buɗe mini ɗakin da babu kowa na leƙa. Ƙarami ne, taga ɗaya, tana kallon wurin ajiye motoci. Na daɗe a tsaye a bakin ƙofar, har na zaɓi inda zan shimfiɗa darduma.

Hannu ya fara koya, har ya wuce gona da iri. Wata safiya Anti Maryam ta ce in miƙo mata filas, na miƙa, ta tsaya tana kallona. "Kai Sa'idu, lafiya? Ni kake miƙa wa da hagu?" Kunya kamar in nutse. A wurin aiki ana faɗa da dama, a gida ana faɗa da hagu, na rasa inda zan sa kaina.

Sai kuma wata sabuwa ta ɓullo. Kun san in dole ta sa mutum ya miƙa abu da hagu, yakan ce a yi haƙuri. To ashe duk farantin da na ajiye sai na ce "sori", ban ma san ina yi ba. Wasu miji da mata 'yan Japan na ajiye musu na ce sori, suka dubi juna, suka sunkuya suna binciken abincin da cokali mai yatsu. Can suka kira mai oda suka ce a mayar, wai ma'aikaci ya ba su haƙuri, lalle wani abu ya faɗa ciki. Babban kuku ya fito da kansa yana huci, yana tambayar wane ne ke neman gafara a kan kifinsa.

Ranar Madam ta kira ni ɗan ofishinta. Na tsaya kaina a ƙasa, ta ce in ɗago in dube ta.

"Sa'idu, kana da ƙoƙari. Ba ka makara, ba ka latsa waya. Ka roƙi abu ɗaya ranar farko na yi maka. Ba zan yi maka biyu ba. Asabar ce ranar ƙarshe ta gwajinka. In na ga hannun dama, ko na ji ka ba wani haƙuri, shi ke nan."

Na ce na gode. Ina fita na tarar da saƙon Yaya Bashir, wai jirgin Hajiya ranar Lahadi zai sauka.

Asabar

Ban yi barcin kirki ba. Na isa da wuri, na goge cokula har waɗanda aka riga aka goge. Da aka buɗe ƙofa na shiga aiki baki a rufe, na cije leɓe don kada wata kalma ta kuɓuce. Tebur bayan tebur, ta hagu, da hagu. Madam na jingine kusa da matattakalar sama, duk inda na juya ina jin idonta a ƙeyata. Danjuma na leƙowa ta tagar kicin yana ɗaga mini babban yatsa. Har na fara jin iska na shiga ƙirjina.

Ina wucewa ta lungun taga da kwandon burodi sai na ji an ce, "Baba, don Allah yau dai ka daure ka ci wani abu."

Na tsaya cak. Wani mutum ne da kwat, sa'ar Yaya Bashir, da wani dattijo a gabansa. Farin gemu, hula zanna, rigar sanyi a kan kaftani. Hannuwansa duka suna ƙarƙashin tebur, yana kallon kogi ta taga. Ya ce, "Na ce maka ka bar ni gida, Aminu. Mi zan yi a nan?" Hausar Katsina ce tsantsa, irin ta tsofaffin unguwarmu.

Na shiga kicin na ce wa Danjuma, "Akwai dattijon gida a lungun taga."

Ya ajiye wuƙa ya dube ni. Ya gane tun kafin in ƙarasa. "Sa'idu, ka rufa mana asiri. Tsohon nan gobe ba zai tuna da kai ba. Ni kuwa na riga na share maka ɗaki."

"Na ji."

"Ba ka ji ba, na san fuskar nan. Bature ne, ka ji? Ka ɗauka Bajamushe ne da hula."

Aka buga ƙararrawa. Kifi da shinkafa na dattijo, nama na ɗansa. Na ɗauki kifin da hagu yadda aka koya mini, naman da dama, na fito. Wasu samari 'yan yawon buɗe ido suka gifta ni suna ihu za su hau sama, na jira suka wuce. Ina tafiya ina ce wa kaina faranti ne kawai, ajiyewa za ka yi ka wuce, ko kallonka ba zai yi ba. Amma ina hango farin gemun nan sai na rage sauri. Turawa na yi musu, don su a wurinsu ba komai ba ne. Wannan kuwa ya san abin da ake nufi. Zai dubi hannun, ya dubi fuskata, ya san ɗan wani ne ya yi masa haka a gaban ɗansa.

Akwai wani ɗan teburi a tsakiyar hanya da muke ɗora tire. Na tsaya na ajiye farantan, na musanya su. Da na ɗago muka haɗa ido da Madam. Ta gani, na san ta gani. Na ce a raina to Alhaji Tanko, ka ci. Na zagaya ta bayan kujerar dattijon, na tsaya ta damansa, na ɗan rusuna.

"Salamu alaikum, Baba. Ga abinci."

Bai juyo nan take ba. Sai da ya juyo da kafaɗa gaba ɗaya, da ƙyar. A lokacin na lura bakinsa ya ɗan karkace, hannunsa na dama kuma yana yashe a kan cinya, yatsun a lanƙwashe.

"Wa alaikumus salamu. Ikon Allah, Bahaushe a nan?" Ya ƙare mini kallo. "Zagayo ta nan, ɗana. Wannan ɓangaren ya daina aiki tun azumi."

Ɗan ya miƙo hannu ya karɓi farantinsa, ya ce a hankali, "Shanyewar ɓarin jiki ce. Magani muka kawo shi." Na zagaya ta hagu. Daga nan in na miƙa da dama sai na tokare shi a fuska, wurin ya matse da taga. Na mayar da kifin hannun hagu, na tallafe shi da dama. An ce kada in ba kowa haƙuri, amma ai aikin gama ya gama.

"Baba, a yi haƙuri da hagu."

Ya dubi hannuna. Sai na ga kafaɗarsa na motsi, ashe dariya yake da rabin baki. Ya zaro nasa hannun hagun daga ƙarƙashin tebur ya kama gefen farantin.

"Da ita zan amsa, da ita zan ci. Wa zai ba wani haƙuri?" Ya ja farantin gabansa. "Kai mi ya sami taka damar? Na ga lafiyarta lau."

"Dokar wurin aiki ce, Baba."

"To ni dokar Mai Sama ce. Ɗan wane gari ne?"

Na ce Malumfashi. Ya ce shi Kankiya, ashe maƙwabta ne. Ya ce tun da abin ya same shi bai yarda ya ci abinci gaban mutane ba, ko jikokinsa, sai an kai masa ɗaki ya tura ƙofa. Ya tsufa bai taɓa kai loma da hannun nan ba, yanzu a ce ya zauna cikin jama'a yana yi? Ya dubi cokali. Sannan ya ce, "Amma ga ka, da lafiyarka, kana yi don iyali su ci. Kana da iyali ko?" Na ce mata da 'ya ɗaya, suna gida. Ya gyaɗa kai ya ɗauki cokalin.

"Bisimilla, zo mu ci."

"Alhamdu lillahi, Baba. A ci lafiya."

Ya ɗibi shinkafa da hagun. Lomar farko rabinta a kan ƙyallen tebur ta zube. Ya sake ɗiba, ta isa. Ɗan ya kawar da kai wajen taga yana goge ido da bayan hannu, namansa na nan bai taɓa ba. Ni kuma ƙararrawar kicin na ta kira, na juya na tafi.

Sauran aikin yinsa kawai na yi. Danjuma ko kallona bai yi ba, sai buga tukwane yake. Ina kai faranti ina tsara yadda zan fara gaishe da Alhaji Tanko, da abin da zan ce wa matata in ta kira. Haushin kaina nake ji, kuma in aka ce in sake, na san abin da zan sake yi ke nan. An saki kiɗa a sama, silin na rawa, kaina na sarawa.

Ina kwashe wani tebur na ga ɗan dattijon a tsaye yana magana da Madam. Da ya koma ta yafito ni da yatsa. Na ajiye tire na je, wannan karon na dube ta ido cikin ido, don ba abin da ya rage.

"Ka musanya farantan."

"E, Madam."

"Da gangan. Kuma ka ba shi haƙuri, ko da yarenku ne na gane."

"E."

Ta cire gilashi ta goge, ta mayar. "Na yi niyyar in sallame ka. Amma mutumin can ya ce duk Asabar zai kawo mahaifinsa, muddin kai ne za ka kai masa abinci. Har ya kama teburin." Ta dubi lungun taga. "Ka zo Litinin, an ɗauke ka. Ta hagu, da hagu, Sa'idu. Kowa da kowa."

Na yi mata godiya. Ta ce, "Je ka buɗe musu ƙofa, suna tafiya."

Na ruga. Ɗan na riƙe da shi ta dama, yana jan ƙafa a hankali, ga ƙwayar shinkafa ɗaya maƙale a gemunsa. Na riƙe ƙofa, iskar kogi ta bugo mu. Da ya zo daidai ni ya tsaya, ya ce wa ɗan ya dakata.

"Na cinye, ɗana. Kifin ba gishiri, amma na cinye. Allah ya kawo maka iyalinka lafiya."

Ya miƙo mini hannun hagu mu yi musabaha. Na saki ƙofar, na kama shi da hannuna duka biyu.